Kafin ka sayi makulli mai karanta yatsa, duba ƙofar shagonka tukuna

Yau za mu ɗan ajiye saitin waya gefe, mu yi maganar ƙofar shago. Kwanan nan tallar makullai masu buɗewa da yatsa ko da waya ta cika Facebook da TikTok, kuma masu shagon waya da masu POS da masu caji suna ta sha'awarsu. Ra'ayina a kai shi ne: makullin zamani abu ne mai kyau, amma shi ya kamata ya zama na ƙarshe a jerin abin da za ka kashe wa kuɗi. Akwai abubuwa huɗu da ke gabansa, kuma yawancin shagunanmu a Daura da Mai'adua da Zango da Sandamu da Baure ba su cika su ba.

Ka fara da lissafin abin da ke kwana a shagon

Malam mai shago, ɗauki biro. A ce wayoyi 20 na kastoma ne ke kwana a durowarka, kowace a ƙaddara ta a naira dubu 100. Miliyan 2 ke nan, ban da kayan aikinka, ban da sikirin da batiran sayarwa. Yanzu ka dubi kwaɗon da ke rataye a ƙofar. Sau da yawa kuɗinsa bai kai na kondom ɗin waya biyu ba.

Kuma waɗannan wayoyin ba naka ba ne, amana ce. A mazhabar Malikiyya da muke bi, asalin hukunci shi ne mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane ya keɓe da su, shi ke da lamuninsu in sun salwanta. Ko ba a kai gaban alƙali ba, kai ma ka san yadda take ƙarewa: mai waya zai zo da yayansa, a taru a bakin shago, a ce ka biya. Wani ma ya bar layinsa a ciki, layin da ke haɗe da asusunsa na banki. Ga kuma yanayin garinmu. Daura tana kan hanyar Kano da ta Katsina, ga iyakar Kongolam a kusa. Wayar da aka ɗauke da ƙarfe biyun dare, kafin ka idar da sallar asuba ta yi nisan da ba za ka bi ta ba.

Abu na farko: ƙofar da abin da ke riƙe da ita

Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai fasa shago ba ya zama yana wasa da ramin makulli kamar yadda ake nunawa a fim. Yana neman wuri mafi rauni ne, ya sa ƙarfe ya ɓanɓare. Don haka ƙarfin ƙofarka daidai yake da ƙarfin abin da ya fi rauni a jikinta.

Gobe da safe ka tsaya a waje, ka kalli shagonka da idon baƙo. Dubi kunnuwan ƙarfen da kake rataya kwaɗo a jiki. In ɗan siririn ƙarfe ne da mai walda ya ɗiga masa wuta wuri biyu, to ko kwaɗon banki ka rataya, kunnen zai tashi ya bar kwaɗon a kulle. Kunnen ya zama mai kauri, aƙalla kaurin da ya yi daidai da wuyan kwaɗon, a bi shi da walda zagaye, ciki da waje. In ƙofar katako ce, kada a ɗaura shi da sukurun da ake iya kwancewa daga waje. A sa noti mai santsin kai wanda ya ratsa ƙofar, a ɗaure shi daga ciki da faifan ƙarfe a bayansa.

Sai firam. Firam ɗin da aka manna a bulo da ɗan siminti, jijjiga kaɗan yake jira. Ka sa mai walda ya yi masa ƙafafun rodi da za su shige cikin gini, a cika su da kankare. Sai hinjin da ƙyauren ke juyawa a kai. In yana waje, kuma ana iya zare sandarsa ko a ɗaga ƙyauren sama ya fita, to ƙofar a buɗe take ta ɗaya ɓangaren. Maganinsa mai sauƙi ne: a walda guntun rodi biyu ko uku a gefen ƙyauren ta wajen hinji, a huda musu rami a firam, ta yadda in an rufe sai su shige ciki. Ko an yanke hinjin, ƙyauren ba zai fito ba.

In ƙofar naɗewa gare ka, irin wadda ake ja daga sama, kwaɗo ɗaya a tsakiya bai isa ba. A kulle ta gefe biyu, kuma kunnen ƙasa ya zama an dasa shi cikin kankare. Kada ka manta da sama. Shaguna da yawa a jere suke ƙarƙashin rufin kwano ɗaya, bangon da ya raba su bai kai kwano ba, silin ne kawai. Wanda ya shiga shagon maƙwabcinka ya shiga naka. Ragar rodi a saman silin ta fi maka kwaɗo na uku amfani.

Abu na biyu: kwaɗon kansa

Araha ba ta ado. Kwaɗo mai arha yana da matsala uku: jikinsa ƙarfe ne marar ƙarfi da aka shafa wa ruwan tagulla, wuyansa siriri ne mai laushi, sannan yankan makullinsa kaɗan ne, har ya zama makullin wani na iya buɗe naka.

Ga abin da za ka duba a kasuwa. Wuyan kwaɗon ƙofar waje ya kai kaurin milimita 10 ko fiye. Rubutun da ke cewa ƙarfen mai tauri ne kowa na iya buga shi, don haka in mai kaya ya yarda ka ɗan goga magagari a wuyan. Ƙarfen da aka taurara da gaske, magagari zamewa yake yi a kansa. In ya ci shi nan take, ajiye. Ka zaɓi wanda jikinsa ya rufe wuyan, ko mai zagaye kamar faifai, ko mai miƙaƙƙiyar sanda, saboda almakashin ƙarfe ba ya samun wurin kamawa. Ka fifita kwaɗon da ba ya kulluwa sai an murɗa makulli, kuma makullin ba ya fita sai ya kullu. Wanda ake dannawa ya ce ƙas, sifirin ne ke riƙe da shi, kuma abin da sifirin ya tura ana iya tura shi baya. Wancan ɗin kuma yana hana yaron shago ya rataya kwaɗo ya tafi bai kulle ba.

Cikin kwaɗo iri biyu ne aka fi samu. Akwai mai ƙananan fil da sifirin, tsarin da Linus Yale ƙarami ya inganta a Amurka a shekarun 1860. Wannan in ka samu mai fil shida ya fi mai huɗu. Akwai kuma mai faya-fayai masu juyawa, wanda Emil Henriksson ya ƙirƙiro a Finlan a 1907, shi ne tushen kamfanin Abloy. Wannan bai dogara da ƙananan sifirin ba, shi ya sa ya fi jure ƙura da tsatsa. Ga wanda ya san ƙurar hunturun Daura, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Amma a kula, kwaikwayonsa masu arha sun cika kasuwa, kuma siffar makulli kaɗai ba ta nuna inganci.

In ka ga lambar daraja a kwali, ka san yadda ake karanta ta. Ma'aunin Turai na kwaɗo, EN 12320, yana tafiya daga 1 zuwa 6, kuma 6 ne mafi ƙarfi. Ma'aunin Amurka na makullan ƙofa, ANSI, daga 1 zuwa 3 ne, amma shi 1 ne mafi ƙarfi. Kada mai kaya ya ce maka "lamba ɗaya ne" ka ɗauka an gama magana.

Sannan a rufa wa kwaɗon asiri. Ɗan akwatin ƙarfe da mai walda zai yi a kan kunnuwan, mai buɗaɗɗen ƙasa inda hannu kawai ke shiga, yana hana guduma da zarto da almakashi kaiwa gare shi, yana kuma kare shi daga ruwan damina. Wajen gyara kuma, don Allah a daina ɗura wa kwaɗo baƙin mai ko man gyaɗa. Mai yana kama ƙura ya zama laka a ciki. Garin bakin fensir ko busasshen man feshi na makulli ya fi.

In makullin jikin ƙofa ne mai hannu, ka bambance abu biyu. Akwai ɗan harshen nan mai gangare da ke shiga da kansa in an tura ƙofa. Aikinsa ya hana iska buɗe ƙofa, ba tsaro ba ne. Tsaron yana ga sakatar da makulli ke turawa, kuma ya kamata ta shige firam kamar milimita 20 zuwa 25. Bututun da ake sa makulli a ciki kuma kada ya leƙo waje fiye da milimita 3, don in ya yi tsawo ana kama shi a karya.

Abu na uku: wa ke riƙe da makulli?

Wannan ba ya cin ko kwabo, amma shi aka fi sakaci da shi. Ka kama hayar shago a filaza, mai gida ya miƙo maka makulli biyu. Nawa ne a hannun wanda ya tashi? Nawa ne a hannun yaransa? Ranar da ka shiga, ranar za ka sauya kwaɗo ko bututun makulli. Haka nan in ka rabu da yaron shago, ko lafiya kuka rabu. Wannan kariya ce gare shi ma, don in wani abu ya faru ba za a fara kiran sunansa ba.

Ka ƙirga makullanka, ka san inda kowanne yake. Kada ka bar kwaɗo a buɗe yana rataye a ƙofa da rana, domin ana iya musanya shi da mai kama da shi, kai da hannunka ka kulle shago da kwaɗon wani. Ka kulle shi a jikin kunnen ko ka shigar da shi durowa.

Ga kuma wadda ta shafi masu waya kai tsaye: a daina ɗora hoton makulli a sitatus. An buɗe sabon shago, sai a ɗaga makullai a yi hoto ana Alhamdulillah. Tun a 2008 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego suka nuna cewa ana iya yanka makulli daga hoto kaɗai, har da hoton da aka ɗauka daga nisan kusan mita 60. Kyamarar wayar da ke hannunka yanzu ta fi ƙarfin abin da ake buƙata in hoton na kusa ne. Ka yi hoton shagon, ka bar makullin a aljihu.

Abu na huɗu, wanda ya fi duka: na ciki ya iya fita

A nan ne nake son mu tsaya sosai. Akwai al'adar barin yaro ko maigadi ya kwana a shago, sai a kulle shi daga waje da kwaɗo, wai don tsaro. Akwai kuma filazar da ƙofarta ta baya ke ɗaure da sarƙa shekara da shekaru, makullin yana hannun mai gidan da ke Abuja. Wallahi wannan ganganci ne da rai.

Ka tuna abin da ke cikin shagon waya: batiran litiyom, na waya da na fawa bank, wasu sun kumbura, ga batirin sola da inbata, ga wayoyi 50 a caji kan soket ɗaya, wani har da galan ɗin fetur na janareto. Batirin litiyom in ya kama, cikin daƙiƙoƙi hayaƙi ke cika ɗaki. Mun ga gobarar babbar kasuwar Katsina a watan Maris na 2021. Mun ga ta kasuwar waya ta Farm Centre a Kano a watan Yuni na 2025, ranar Babbar Sallah. Kasuwa na ƙonewa, wannan ba labarin wata ƙasa ba ne.

Dokokin ƙofa na duniya da rayukan mutane aka rubuta su. A 1883 a garin Sandalan na Ingila, yara 183 suka mutu a turmutsutsu a zauren Victoria Hall, saboda ƙofar da ke ƙasan bene tana buɗewa ciki ne, kuma an sa mata sakata an bar 'yar kafar da mutum ɗaya kawai ke iya wucewa. Bayan wannan ne aka fito da sandar nan da ake turawa ƙofa ta buɗe waje nan take. A 1911 a birnin Niyok, ma'aikata 146 suka mutu a gobarar masana'antar ɗinki ta Triangle, yawancinsu 'yan mata, kuma cikin abin da ya jawo yawan mutuwar har da ƙofar fita da aka kulle don kada a saci kaya. Ka ji dalilin: don kada a saci kaya. Shi ne dai dalilin da muke bayarwa yau.

Ƙa'idar a taƙaice: duk inda mutum yake ciki, ya iya fita da hannu ɗaya, cikin duhu, ba tare da neman makulli ba. In wani zai kwana a shago, shi zai kulle daga ciki da sakata mai kauri, sama da ƙasa, kuma kada a rataya komai a waje. A ƙofar ofis ko ta bene, a sa makullin da ke da abin murɗawa ta ciki, sai dai a kula kada ya zama kusa da gilas ko tagar da hannu zai iya kaiwa. Ƙofar gaggawa a filaza, ko makarantar kwamfuta, ko cibiyar rubuta jarrabawa, ko gidan kallon ƙwallo, ta buɗe waje, da sandar turawa, kuma kada a jibge kwali da janareto a gabanta. In kai ɗan haya ne, ku haɗu ku yi wa mai gida magana. Kuɗin bai kai na fentin gaban filaza ba.

To, yanzu sai makullin zamani

In waɗannan huɗun sun cika, bismillah. Makulli mai yatsa ko lamba yana da amfanin da kwaɗo ba shi da shi. Yana nuna maka wanda ya buɗe da lokacin da ya buɗe. In yaro ya bar aiki, goge yatsansa kawai za ka yi. Kana iya ba wani lambar da za ta yi aiki na yini ɗaya. Wurinsa shi ne ƙofar ciki: ɗakin ajiya, ofis, ko kabad ɗin da wayoyin kastoma ke kwana. A ƙofar titi kuwa, rana da ƙura da ruwa da guduma duk suna jiransa.

Kafin ka biya, ka yi tambaya biyar. Ɗaya, in batir ya mutu yaya ake buɗewa? Ya zama yana da makullin hannu na ko-ta-kwana da wurin jona fawa bank, kuma makullin nan a gida zai zauna, ba cikin ɗakin da aka kulle ba. Biyu, yana aiki ba intanet? Kada mu manta a 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro. Daura ba ta ciki, amma darasin ya isa: ƙofar da sai da data take buɗewa ba taka ba ce. Uku, in an ɗauke wuta me yake yi? Makullin maganaɗisu da ake sa wa ƙofar gilas da lantarki yake riƙewa, wuta na tafiya yake saki. Wannan yana da kyau don gudun gobara, amma ga mai dogaro da wutar KEDCO, in babu batirin ajiya, ƙofa a buɗe za ta kwana. Huɗu, in da kati yake aiki, wane irin kati ne? Tsofaffin katunan nan masu 125kHz ana kwafarsu da 'yar na'ura mai arha cikin daƙiƙoƙi. Biyar, ana iya kwance sukurunsa daga waje?

Kada tsada ko kyan manhaja su ruɗe ka. A 2018 an yi ta yayata wani kwaɗo mai karanta yatsa mai suna Tapplock, ana sayar da shi kusan dala 100. Masu binciken tsaro suka gano cewa lambar sirrin buɗe shi daga adireshin Bluetooth ɗinsa ake samo ta, adireshin da kwaɗon da kansa ke watsa wa duk wayar da ke kusa. Har sai da hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta shiga maganar a 2020. Don haka in ka saya, ka sauya lambar da ya zo da ita daga kamfani, kada ka sa 1234 ko shekarar haihuwarka, ka kulle wayar da manhajar ke ciki, ka yi wa kanka rajistar yatsa biyu ko uku domin a hunturu fata na bushewa ta tsage na'ura ta ƙi ganewa. Ka riƙa sauya batir kafin ya ƙare, saboda zafin bazara na sa batir ya yi yoyo ya cinye allon ciki. Duk mai gyaran waya ya san yadda allon da ruwan batir ya ci yake kama.

"Ai in ɓarawo ya yi niyya, ba abin da zai hana shi"

Na san wani zai faɗi haka, kuma akwai gaskiya a ciki. Garanda mai batir tana yanka kusan kowane kwaɗo in an ba ta lokaci. Amma lokacin nan shi ne abin da kake saye. Ƙofar da ake ɓallewa cikin minti ɗaya shiru, da wadda sai an yi minti goma ana tartsatsi da ƙara har maigadi da 'yan sintiri da maƙwabta su farka, ba ɗaya ba ne. Mai fasa shago yana zaɓe ne, kuma mai sauƙi yake zaɓa.

Wani kuma zai ce ai ya sa kyamara. Kyamara shaida ce bayan an yi ɓarna, ba ta riƙe ƙofa, kuma hoton mutum da rawani a fuska ba ya dawo da waya. In kana son fasahar da za ta taimaka a lokacin, ƙaramar na'urar ƙararrawa mai layin waya da batirinta, wadda ke kiran lambarka in an buɗe ƙofa, ta fi dacewa da mu. Sannan ka rage abin da ke kwana a shokes. Wayoyin kastoma su shiga akwatin ƙarfe da aka ɗaure da ƙasa ko bango, kowace da lambar IMEI a rubuce a littafi, kuma ka riƙa ce wa mai waya ya cire layinsa da memori kafin ya tafi.

Kai kuma da ba ka da shago, maganar ta shafe ka. Kafin ka bar wayarka ta kwana wurin mai gyara ko mai caji, ɗan kalli ƙofarsa, ka tambaye shi inda yake ajiye wayoyi da dare. Mai amana ba zai ji haushi ba. Ka cire layinka, ka sa masa lambar PIN, ka ajiye kwalin wayarka a gida.

Tsarin dai shi ne: mai walda tukuna, sai kwaɗo na gari, sai lissafin makullai, sai hanyar fita, sannan makullin yatsa in da sauran kuɗi. A tura wa duk mai shagon da aka sani, musamman wanda yaro ke kwana masa a ciki. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu da amanar mutane da ke hannunmu, Ya kiyaye mu daga gobara da sharrin masu sharri. Amin.